Kimanta Hasken Farko na Taurari Masu Fashewa daga Bakansu: Mahanga daga Sararin Gidan Katta

Tsakure

Maƙalar tana kare ra'ayin cewa bakan hasken tauraro mai fashewa, in an ɗauke shi a makonninsa na farko, shaida ce da za a iya kimanta ainihin ƙarfin haskensa da ita, kuma a sarari mai ƙura irin na arewacin Sakkwato wannan hanya ta fi bin dusashewar hasken dare bayan dare dacewa. An kafa hujja da taurarin 1006, 1572, 1991, 2011 da 2014, sannan an duba sukar da ake yi wa hanyar.

Matsalar

 A ƙarshen watan Afrilu na 1006, cikin shekara ta 396 bayan Hijira, wani tauraro da ba a san shi ba ya bayyana a kudancin sama, ya tsaya wuri ɗaya yana haskakawa watanni. Ali bin Ridwan, wanda daga baya ya zama babban likita a Alƙahira, ya gan shi tun yana saurayi, ya kuma bayyana shi a sharhin da ya yi wa littafin Batlamus: ya ƙiyasta girmansa da na Zara ninki biyu da rabi zuwa uku, haskensa kuma da wani yanki na hasken wata. Ibn al-Jauzi da Ibn al-Asir sun kawo labarinsa a littattafansu na tarihi, masu duban sama na Sin da Japan sun rubuta shi, haka ma malaman wata majami'a a St Gallen ta ƙasar Suwizalan. Na Suwizalan da ƙyar suka hango shi, domin wajen digiri 5 kawai ya ɗaga musu daga bakin ƙasa. A Alƙahira ya kai kimanin digiri 22. A ƙasar da Gidan Katta da Illela suke a yau, digiri 13.7 arewa da layin tsakiyar duniya, lissafi ya nuna ya haura digiri 35. Ke nan makiyayin da ya kwana da garkensa a nan cikin bazarar waccan shekara ya fi likitan Masar samun kyakkyawan gani.

Duk da yawan shaidun nan, masanan da suka dogara da lafazinsu kaɗai don sanin ƙarfin hasken sun saɓa da juna ninki da yawa. Laifin ba na shaidun ba ne. Abin da ya iso ido sakamako ne na abubuwa uku da suka cakuɗe: ƙarfin hasken da tauraron ya fitar, nisan da ke tsakani, da abin da ya tare hasken a hanya. Tauraro mai rauni na kusa da mai ƙarfi na nesa kan yi kama ɗaya, kuma kyamarar zamani ba ta fi ido dabara a nan ba, ta dai fi shi iya ƙidaya. Masana suna auna haske da magnitud, ma'aunin da lambarsa ke raguwa in haske ya ƙaru, wanda tazarar 5 a cikinsa ninki 100 ce, tazarar 1 kuma ninki biyu da rabi. Duk wanda ya san magnitud na ainihi, ya auna wanda ya iso gare shi, ya cire rabon ƙura, to nisa ya fito masa. A kan wannan lissafi ƙungiyoyi biyu suka gano a 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, abin da ya jawo wa Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess kyautar Nobel a 2011. Saboda haka tambayar ainihin haske ba ƙaramar tambaya ba ce, a kanta aka ɗora awon girman halitta.

Abin da baka ke ɗauke da shi

In aka ratsa hasken tauraro ta na'ura mai raba launuka, sai ya bazu daga shuɗi zuwa ja, a cikinsa kuma a ga layuka masu duhu inda ƙwayoyin wani sinadari suka shanye wani launi. Wannan shi ne bakan haske. Kowane sinadari da wuraren layukansa. Zurfin layi yana faɗin yawan ƙwayoyin da halin zafin da suke ciki, gocewarsa wajen shuɗi kuma tana faɗin saurin da iskar da tauraron ya watso ke tunkaro mu. Tun 1941 Rudolph Minkowski ya raba taurari masu fashewa gida biyu da wannan: na gida na biyu suna nuna haidirojin, na gida na ɗaya ba su nunawa. Daga baya aka ware reshen Ia, wanda alamarsa wani layi mai zurfi ne na silikon kusa da nanomita 615. Dillalin karar Illela ba ya karɓar shekarun sa daga bakin mai shi, bakin san yake buɗewa ya duba haƙora, domin ƙiba da rama kan yi ƙarya, haƙora ba su yi. Layukan baka su ne haƙoran tauraro: nisa na rage haske duka, amma ba ya canza zurfin wani layi a kan ɗan'uwansa.

Dalilin da ya sa layukan reshen Ia suke da alaƙa da ƙarfin haske yana cikin yadda abin ke ƙonewa. Tauraron da ke fashewa farin wada ne, gawar tauraro mai cike da kabon da oksijin, wanda Subrahmanyan Chandrasekhar ya lissafa cewa ba zai iya ɗaukar nauyin da ya wuce na rana ninki 1.4 ba. Idan wuta ta kama a cikinsa, cikin daƙiƙoƙi kaɗan take cinye shi, ta mayar da tsakiyarsa nikel-56, gefensa kuma silikon da sulfa da kalsiyam. Zafin fashewar kansa yakan ƙare a wajen tura iskar waje. Hasken da muke gani makonni daga baya na nikel ne, wanda rabinsa ke rikiɗewa ya zama kobalt cikin kwana 6, rabin kobalt ɗin kuma ya zama ƙarfe cikin kwana 77. A 1982 David Arnett ya nuna cewa a ƙololuwa, hasken da ke fita daidai yake da ƙarfin da wannan rikiɗa ke zubawa a lokacin. Na gama-gari yakan ƙera nikel mai nauyin wajen kashi 60 cikin 100 na rana, ya kai ƙololuwa cikin kwana 17 zuwa 19, da haske kusan na rana biliyan 5. To nikel ɗin da ke ba da haske shi ne kuma ke ɗumama iskar, zafin iskar kuma shi ke yanke elektron nawa kowace ƙwaya za ta rasa, wannan kuwa shi ke zana layuka. Sarƙar ke nan, kuma duk hujjar maƙalar nan a kanta take rataye.

Shekarar 1991 ce ta tilasta wa masana ganin wannan sarƙa. Kafin nan galibi ana ɗaukar duk 'yan reshen Ia haske ɗaya gare su. Sai ga tauraron da aka yi wa laƙabi SN 1991T a galaksin NGC 4527, wanda ya fi na gama-gari haske, bakansa kafin ƙololuwa kusan babu silikon, sai layukan ƙarfen da ya rasa elektron biyu, alamar zafi mai tsanani. A ƙarshen shekarar sai ga SN 1991bg a galaksin M84, ja, mai saurin mutuwa, wanda ya gaza na gama-gari ninki huɗu zuwa goma gwargwadon launin da aka auna, da wani rami mai faɗi na taitaniyam a ɓangaren shuɗi, alamar sanyi. A 1993 Mark Phillips, yana aiki a Cerro Tololo ta ƙasar Chile, ya nuna da taurari tara cewa mai ƙarfin haske ya fi jinkirin dusashewa, ya kuma kafa awo: nawa hasken shuɗi ya ragu kwana 15 bayan ƙololuwa. Wannan awo da 'ya'yansa su ake amfani da su har yau. Amma a 1995 Peter Nugent da abokan aikinsa, har da Phillips ɗin, suka nuna cewa ana iya karanta jerin nan daga baka guda. Kusa da babban layin silikon akwai ƙarami wajen nanomita 580. A tauraro mai sanyi da raunin haske ƙaramin yakan yi zurfi, a mai zafi da ƙarfin haske yakan kusa ɓacewa.

Bayanin da Stephan Hachinger da Paolo Mazzali da abokansu suka bayar a 2008 ya gamsar da ni. Duka layukan biyu na silikon da ya rasa elektron ɗaya ne. Babban layin ya riga ya ƙoshi, ƙara ƙwayoyi ko rage su ba ya canza shi sosai, ƙaramin kuwa yana bin yawansu sau da ƙafa. In zafi ya yi yawa, silikon ya rasa elektron na biyu, masu zana ƙaramin layi sun ragu. Rabon zurfin biyun ya zama ma'aunin zafi, zafi kuma wakilin nikel. Abin da ya fi muhimmanci ga sararinmu shi ne tazarar layukan ba ta kai nanomita 40 ba, kuma kowanne ana auna shi ne da hasken da ke gefensa, don haka duk abin da ya tare hasken a hanya ya tare su kusan daidai. A 1998 Riess da Nugent da wasu suka nuna ana iya fitar da nisa daga baka ɗaya da hotunan dare ɗaya. A 2009 Stephen Bailey da abokansa suka gano cewa rabon haske a nanomita 642 da 443 yana daidaita taurarin har saɓaninsu ya sauko kimanin magnitud 0.13, wato kuskuren kashi 6 cikin 100 a nisa. A 2015 Hannah Fakhouri da ƙungiyarta suka bi wata dabara, suka haɗa taurarin da bakansu ya yi kama tagwaye-tagwaye, saɓanin ya sauko wajen 0.08.

Kwanakin farko-farko sun fi wuyar samu, sun kuma fi faɗin asali. Ranar 24 ga Agusta 2011 na'urar Palomar a Kalifoniya ta kama SN 2011fe a galaksin M101, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 21, kimanin awa 11 bayan fashewa. Da gari ya waye a can, sai aka miƙa aikin ga madubin Liverpool da ke tsibirin La Palma, gab da gaɓar Afirka ta yamma, ya ɗauki baka. An ga oksijin da kabon da ba su ƙone ba suna gudu da sauri, raunin hasken awannin farko kuma ya nuna abin da ya fashe bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin rana ba, shaida mafi ƙarfi zuwa lokacin cewa farin wada ne. A 2018 Maximilian Stritzinger da abokansa suka lura cewa waɗanda suka fara da launin shuɗi a kwanakin farko sukan zama masu raunin silikon da ƙarfin haske, dangin 1991T, kodayake taurarin da suka duba kaɗan ne. Gida na biyu kuwa lissafinsa dabam, kuma zan wuce shi da sauri. Robert Kirshner da John Kwan sun nuna a 1974 cewa sauri daga layuka, in an ninka shi da lokaci, yana ba da faɗin ƙwallon iskar, zafi daga launi kuma yana ba da hasken kowane yanki nata. Hanyar tana da kyau a takarda, sai dai tana buƙatar wani gyara da masu lissafin kwamfuta suka daɗe ba su daidaita a kansa ba.

Taurarin da suka riga na'ura

Gwaji mafi tsanani shi ne tauraron da babu wanda ya auna farkonsa. Ragowar na 1006 an gano ta a 1965 da na'urar rediyo ta Parkes a Ostareliya. A 2003 Frank Winkler da abokansa suka auna yadda zaren iskarta ke matsawa a sama cikin shekaru, suka haɗa da saurin kusan kilomita 2,900 a daƙiƙa da aka fitar daga faɗin layin haidirojin a bakan zaren, nisa ya fito kimanin tafiyar haske ta shekara 7,100. Da yake alamun ragowar na reshen Ia ne, sai suka ɗora masa hasken reshen, suka sami magnitud -7.5, fiye da Zara ninki goma, ƙasa da rabin wata. A nan baka ya ba da sauri da dangi, amma ƙarfin hasken aro ne daga 'yan'uwa. Na 1572 ya fi wannan kai tsaye. Tycho Brahe ya bi shi daga watan Nuwamba na waccan shekara, zamanin Askiya Dawud a Songhai, kuma a nan yakan ɗaga wajen digiri 40 ta arewa. Wani yanki na haskensa ya bugi gajimaren ƙura a sarari, ya karkato, ya iso a makare. A 2008, bayan shekara 436, Oliver Krause da abokansa suka ɗauki bakan wannan amsa-kuwwa da madubin Subaru mai faɗin mita 8.2 a Hawai, ga silikon nan raɗau, na gama-gari ne na reshen Ia, ba dangin 1991T ba, ba na 1991bg ba. A shekarar kuma Armin Rest da abokansa suka yi haka ga wata ragowa mai shekara wajen 400 a Babban Gajimaren Majalan, ita kuwa bakanta ya yi kama da 1991T. An san wanne ya fi wanne haske, alhali babu wani awon dusashewa na su biyun da ya isa mizanin Phillips.

Ƙura iri biyu

Mutumin Gidan Katta ba ya buƙatar a koya masa abin da ƙura ke yi wa haske. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shimfiɗa ta a kan Tawa da Ƙonni da Illela har Sakkwato, kuma masu neman jinjirin wata sun san yadda take cinye bakin sama. Tashoshin awo na Banizumbu a Nijar da Ilori a Nijeriya sun daɗe suna auna kaurinta, kuma a ranakun hazo mai nauyi takan kai matakin da kashi 37 cikin 100 kawai na hasken da ke tsakar ka ke tsira, wato asarar fiye da magnitud ɗaya, ta kuma wuce haka. Amma a lura da wani abu da kowa ya gani: ranar hazo fara ce fat, faifai maras ƙarfi, ba ja ba. Dalili shi ne ƙwayoyin ƙurar Sahara manya ne, da yawansu sun fi zangon hasken girma, don haka suna rage launuka kusan daidai. Awon da aka yi a La Palma tun shekarun 1980, lokutan da ƙurar ke kai musu, ya tabbatar da haka. Ƙurar da ke tsakanin taurari kuwa ƙanana ce ƙwarai, tana cin shuɗi fiye da ja, tana jajanta duk abin da ke bayanta. Ta farko tana ɓata yawan haske ta bar siffar baka, ta biyu tana taɓa duka biyun.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin ra'ayina game da nan. Daga digiri 13.7 ana iya ganin fiye da kashi 98 cikin 100 na sama a cikin shekara, abin da Turai ba ta da shi, amma kada lambar ta ruɗe mu. SN 1987A, wanda ya fashe ranar 23 ga Fabrairu 1987 a Babban Gajimaren Majalan, digiri 7 kacal yake ɗagawa a Illela, inda haske ke ratsa iskar da ta ninka ta tsakar ka kusan takwas, cikin hunturu kuma. A lissafi yana sama, a aikace ƙura ta haɗiye shi. SN 2014J kuwa ya nuna sharrin ɗaya ƙurar. Steve Fossey da ɗalibansa suka ci karo da shi ranar 21 ga Janairu 2014 a Landan, suna cikin darasi, a galaksin M82 mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 12. Ƙurar galaksin ta cinye masa wajen magnitud 2, kuma yadda take cin launuka ya saɓa wa ƙurar galaksinmu sosai. Wanda ya gyara haskensa da dokar da aka saba zai kuskure. Layukan silikon ɗinsa kuwa sun ce na gama-gari ne, da ɗan ƙarin sauri, ba su damu da labulen ba.

Suka

Mai suka na farko zai ce ƙurar hunturu ba hujja ba ce, domin mai auna haske yana kwatanta baƙon tauraro da maƙwabtansa da ke cikin hoto ɗaya, ƙura ta rage su tare, rabonsu ya tsaya. Zai ƙara da cewa baka ya fi hoto cin haske, tunda ana watsa abin da aka tara a kan ɗaruruwan launuka, don haka ƙura ta fi cutar da mai baka. Duka maganganun gaskiya ne, kuma ta biyun tana taƙaita ra'ayina ga taurari na kusa masu haske. 2011fe ya kai magnitud 10, 2014J ya kusa haka, kuma masu sha'awa da ƙananan madubai sun ga ramin silikon a bakan biyun. Irin waɗannan ba kowace shekara ake samu ba. Amma amsar ta farkon tana cikin yawan darare. Awon Phillips yana son a kama tauraron kafin ƙololuwa, a bi shi har mako biyu bayanta, ba tare da giɓi mai faɗi ba. A nan damina na rufe sama da gajimare, hunturu na kawo hazo na kwanaki a jere, bazara na da guguwarta. Hanyar da ke neman dare ɗaya mai kyau kusa da ƙololuwa ta fi wadda ke neman wata guda dacewa da mu, ko da kowace a wurinta daidai take.

Suka ta biyu ta fi nauyi, daga cikin gida kuma take. A 2011 Stéphane Blondin da Kaisey Mandel da Kirshner suka gwada alamun baka iri-iri a kan taurarin da cibiyar Harvard ta tara, suka ga ribar da suke ƙarawa a kan awon dusashewa kaɗan ce, ba ta ma kai a rantse da ita ba. Tun 2005 Stefano Benetti da abokansa sun nuna rabon silikon yana aiki da kyau a wajen masu rauni, amma yana warwatsewa a wajen masu ƙarfi, inda ƙaramin layin ya kusa ɓacewa. A 2010 Keiichi Maeda da abokansa suka kawo hujjar cewa fashewar ba ta daidaita ta kowane gefe, har tauraro ɗaya zai iya nuna sauri dabam ga masu kallo biyu. Ban ga hanyar kauce wa waɗannan ba, kuma ba na cewa baka ya kori awon dusashewa a inda ake da duka biyun. Abin da sakamakon Blondin ya nuna, in an karanta shi da adalci, shi ne shaidun biyu labari ɗaya suke bayarwa, na nikel, shi ya sa haɗa su bai ƙara da yawa ba. Ga mai madubi a tsaunukan Chile wannan abin takaici ne. Ga wanda ba zai samu shaida ta farko ba, labari ne mai daɗi, domin ta biyun ta kusa isa. Batun gefe kuwa ya shafi launi da hasken da hoto ke aunawa ma, kuma baka ne ya tona shi.

Akwai kuma masu cewa lissafin zagaye yake yi: an koyi alaƙar layi da haske daga taurarin da aka riga aka san nisansu, to ta yaya za a koma a auna nisa da ita? Wannan haka yake ga awon Phillips ma. Duka biyun suna jingine da galaksin kusa da aka auna da taurarin Sefid, masu kumbura da motsewa a kan lokaci, waɗanda Henrietta Leavitt ta gano dokarsu a 1912. Jingina ba zagaye ba ce matuƙar tushen dabam yake. Haɗarin gaske shi ne a ɗora dokar da aka koya daga na kusa a kan na nesa, waɗanda suka fashe lokacin da galaksi ke da ƙuruciya da ƙarancin sinadarai masu nauyi. A nan ma baka ne ke ba da damar dubawa, tunda ana iya ajiye na nesa gefen tagwayensa na kusa a gani ko sun saɓa.

Aikin da za a iya yi a nan

Ba na kiran a gina babban madubi a Gidan Katta. Ƙasar ba ta da tudu, ƙura ta yi yawa, kuma halin tsaro na arewaci da gabashin jihar Sakkwato bai bar kowa ya kwana a daji da na'ura ba. Afirka tana da madubin SALT a Sutherland ta Afirka ta Kudu tun 2005, da madubin Kottamiya a Masar, da Ukaimeden a Maroko, kuma nan ne wurin babban gini. Amma dubban bakan da aka ɗauka suna ajiye a rumbun WISeREP na intanet, kyauta, manhajar SNID da Blondin da John Tonry suka fitar a 2007 don tantance dangin tauraro ita ma kyauta ce. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da kwamfuta ɗaya da farantin sola, zai iya auna rabon silikon na taurari ɗari, ya gwada inda dokar ke karyewa. Buƙatar irin wannan hannu ƙaruwa take yi, domin madubin Vera Rubin a Chile, wanda ya fitar da hotunansa na farko a watan Yuni 2025, an gina shi ne don ya riƙa sanar da miliyoyin canje-canje kowane dare, kuma kaɗan ne daga ciki za su sami baka. Sanin wane baka ɗaya ya fi faɗin gaskiya, a wace rana bayan fashewa, tambaya ce da ake amsawa a kan tebur.

Abu ɗaya kuwa sai a nan za a iya auna shi, kuma yana iya rushe rabin hujjata. Na dogara da cewa ƙurarmu tana rage launuka daidai, amma a hunturu hayaƙin ƙonar daji da na girki kan cakuɗa da ita, kuma ƙwayoyin hayaƙi ƙanana ne, suna jajanta haske. Ƙaramin madubi da na'urar raba launuka, a harabar makaranta cikin gari, za su iya bin wasu taurari masu haske da aka san bakansu, daga ɗagowarsu zuwa tsakar ka, tun Nuwamba har Mayu, a fitar da yadda iskar Illela ke cin kowane launi wata-wata, a kwatanta da bayanan Banizumbu. In ya fito cewa hayaƙi na da rabo mai yawa, to awon Bailey, mai haɗa nanomita 642 da 443, ba zai yi aiki a nan ba sai an ɗauki tauraron gwaji a kowane dare, a tsayi ɗaya da baƙon, kuma abin da zai rage mana ba tare da wannan gyara ba shi ne layukan silikon biyu masu maƙwabtaka.